Batirin lithiyam mara ruwa da zafin Kaduna

Malam, ka tambaya ko batirin lithiyam mara ruwa zai fi na solarka jure zafin Kaduna. Bambancinsu yana cikin ilektrolait, wato abin da lithiyam ke ratsawa tsakanin kawunan batir, inda a batir mara ruwa ake sa daskararren sinadari a madadin ruwa mai kama wuta. Nau'in salfa, kamar LGPS da masanan Japan suka bayyana a 2011, yana barin lithiyam ya wuce da sauri, amma idan ya sha laima yakan fitar da iska mai guba. Wani nau'in daskararren sinadarin mai suna LLZO ya fi na salfa juriya, sai dai gasa shi wajen ƙera shi yana buƙatar zafin digiri 1000 na Salsiyas ko fiye. A ganina kada ka jira batirin mara ruwa, domin ƙera shi yana da tsada har yanzu.