Filin Tambaya da Amsa: Waƙa Tana Cikin Memori, Na'ura Ta Ƙi Karantawa

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fi karkata ga ƙananan na'urorin sauraren waƙa, wato waɗanda ake kira MP a kasuwa, da kuma rediyo mai cin memori wanda dattawa suka fi so. Na zaɓi huɗu daga ciki na taƙaita su, domin amsarsu za ta wadatar da sauran masu irin wannan matsala.

Tambaya daga wani direban motar haya a Funtuwa: Na sayi ƙaramar MP, na kwashe waƙoƙi kusan 200 daga wayata na zuba a memori, amma da na saka sai wasu suke yi, wasu kuwa na'urar ta tsallake su kamar ba su nan. Wani yaro a tasha ya ce in sauya ƙarshen sunan kowace waƙa ya koma mp3, na zauna na yi, amma ba ta sauya zane ba. Shin jabu aka sayar mini?

Amsa: Malam direba, kada ka yi saurin mayar wa mai shago kayansa, domin alamu sun nuna na'urarka lafiyarta ƙalau. Waƙoƙin da ke cikin waya ba iri ɗaya aka ɗaure su ba, ko da yake a kunne ba a jin bambanci. Akwai MP3, wanda injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus suka jagoranci ƙirƙirarsa, aka amince da shi a 1993, kuma saboda daɗewarsa da yaɗuwarsa kusan babu na'urar da ba ta gane shi. Akwai M4A, wanda ya fi yawa a kayan Apple da sautin da ake cirowa daga bidiyo. Akwai Opus, wanda da shi WhatsApp ke naɗar saƙon murya. Akwai WMA na kamfanin Microsoft, da AMR na tsofaffin wayoyi. Wayarka ƙaramar kwamfuta ce, tana iya warware kusan dukkansu, alhali MP mai araha sau da yawa MP3 da WAV kaɗai aka koya mata, wani lokaci da WMA. Duk abin da ba ta gane ba sai ta wuce shi ba tare da ta ce uffan ba.

Shawarar yaron tasha kuwa daidai take da mutum ya ɗauki buhun dawa ya rubuta "gero" a jikinsa, sannan ya yi mamakin tuwon da ya fito. Sunan kawai ka sauya, abin da ke ciki yana nan yadda yake. Juyawa ta gaskiya ita ce manhaja ta warware sautin ta sake ɗaure shi da tsarin MP3, kuma manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana yin wannan aiki a kwamfuta. Idan ka buɗe ta, ka shiga Media, ka zaɓi Convert / Save, ka ɗauko waƙar, a wurin Profile ka zaɓi Audio - MP3, ka nuna inda za a ajiye sabon fayil, sannan ka danna Start. Ta wannan hanya ake ciro sauti daga bidiyon waƙa ma. Tun da naka da yawa ne, manhajar fre:ac za ta fi maka sauƙi, domin ana jibga mata folda guda ta juye ta a zama ɗaya.

Manhajar za ta nemi ka zaɓi nauyin sauti, kuma a nan mutane da yawa suke asarar wuri a banza. Sautin faifan CD yana cin kilobit 1,411 a kowane sakan, wato kusan megabait 10 a minti ɗaya. MP3 mai lamba 128, wato kilobit 128 a kowane sakan, yana cin kusan megabait ɗaya a minti, mai 320 kuwa kusan biyu da rabi. Ga wanda zai saurara a cikin mota, ga ƙarar inji ga hirar fasinjoji, 128 ya isa, kuma da shi memori mai gigabait 8 zai ɗauki waƙoƙi masu tsawon minti biyar kusan 1,500. Idan wa'azi ne ko wasan kwaikwayo na rediyo, lamba 64 ma ta wadatar, awa guda ba za ta kai megabait 30 ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, MP3 da M4A da Opus duk suna rage nauyi ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na sautin da ake ganin kunne ba zai lura da shi ba, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Saboda haka kowace juyawa tana ƙara rage wani abu, kamar takardar da aka yi wa fotokwafi, aka sake yi wa kwafin fotokwafi. Wanda ya ɗauki waƙar da aka naɗa da saƙon murya ya mayar da ita 320 bai ƙara mata daɗi ba, ya dai ninka girman fayil ɗin. Ka juya sau ɗaya daga mafi kyawun kwafin da kake da shi, ka adana na asalin, waɗanda dama MP3 ne kuma kada ka taɓa su.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Damagaram: Na saya wa mahaifiyata rediyo mai memori, na zuba mata karatun Alƙur'ani sura-sura da waƙoƙin bege, na kuma sa wa surorin lamba daga 1 zuwa 114. Amma daga Fatiha sai rediyon ya tafi Yunus, daga nan sai Adiyat, wani lokaci kuma waƙa ta faɗo a tsakiyar karatu, Hajiya ta yi ta faɗa. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, jerin da kika ambata shi ya tona asirin matsalar. Yunus ita ce sura ta 10, Adiyat kuma ta 100, kuma na tabbata abin da ke biye mata Ƙari'a ce, ta 101. An jera fayilolin ne da harafin farko na sunansu, ba da ƙimar lambar ba, don haka duk mai farawa da 1 sai ya wuce kafin a zo kan Baƙara mai lamba 2. Maganin shi ne kowace lamba ta zama mai gida uku: 001, 002, 010, har zuwa 114.

Wannan kaɗai ba lalle ya isa ba, domin da yawa daga cikin irin waɗannan rediyoyi ba sa duba suna ko kaɗan, suna bin jerin yadda aka rubuta fayilolin a cikin memorin ne, wanda ya riga shiga shi zai riga fita. Shi ya sa idan aka zuba rabi yau, aka ƙara rabi gobe, aka goge wasu aka mayar, jerin yakan hargitse ko da sunayen suna daidai. Ki kwashe komai zuwa kwamfuta, ki gyara lambobin a can, ki share memorin tas, sannan ki mayar da fayilolin a jere. Idan Windows kike amfani da shi, ki zaɓe su duka, amma lokacin jan su ki kama na farkon, wato 001, domin wanda aka kama da shi ake fara kwafewa. Kafin duk wannan ma ki duba ko an danna maɓallin da ke sa rediyo ya riƙa zaɓen waƙa barkatai, wanda a allo yakan nuna RND ko RAND, domin jikoki ba sa barin maɓalli ya huta.

Batun waƙa a tsakiyar karatu kuwa, ana iya raba su folda-folda, amma ba kowane rediyo ne ke da maɓallin tsallake folda ba, kuma dattijuwa ba za ta so danna maɓalli sau 114 kafin ta kai ga abin da take nema ba. Ni dai da zan ba ki shawara, memori biyu ƙanana sun fi babba guda: ɗaya na karatu, ɗaya na bege, ki ɗiga wa ɗayan jan farce don a bambanta su. Sunayen kuma ki rubuta su gajeru, ba tare da haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ ba, domin ƙananan allunan nan sukan nuna su a matsayin akwati ko alamar tambaya.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Na sayi memori mai gigabait 64, wayata tana karanta shi, amma MP ɗina tana cewa babu kati. Sannan waƙoƙin da na sauke a Boomplay da Audiomack ban gan su ba da na je kwafewa.

Amsa: Memori daga gigabait 32 zuwa ƙasa yana zuwa da tsarin ajiye fayiloli da ake kira FAT32, mai 64 zuwa sama kuma da tsarin exFAT, wanda ƙananan na'urori da yawa ba su san shi ba. Ana iya yi masa fomat ya koma FAT32, wasu na'urorin su karɓa, wasu su ƙi duk da haka, kuma fomat yana share duk abin da ke ciki, don haka a fara kwashewa. Mafi sauƙi ka bar wa wayar mai 64 ɗin, ka nema wa MP mai 16 ko 32. Idan ka saya, ka gwada shi da manhajar H2testw, wadda ke cika shi ta sake karantawa, domin akwai jabun memori da ke nuna girman da ba shi da shi; alamarsa ita ce waƙoƙin farko su yi, na ƙarshe kuma su lalace.

Waƙoƙin da aka sauke a cikin irin waɗannan manhajoji, har da Spotify, a kulle suke, an yi su ne don a saurara a cikin manhajar kaɗai. Ba zan koyar da fasa kullen ba, domin haƙƙin mawaƙa ne, kuma Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ka nemi kwafin MP3 da mawaƙin ya saki da kansa ko wanda ake sayarwa.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Gusau: Mahaifinmu ya rasu ya bar kwali guda na kaset, akwai na makaɗan fada da na noma, akwai kuma wanda aka naɗa ranar bikin yayarmu da muryarsa a ciki. Ana iya mayar da su memori?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinku, Alhaji. Ana iyawa, kuma gara a hanzarta, domin zafi da ƙura suna cin zaren kaset a hankali. Ana bukatar rakoda mai lafiya wadda ke da kafar iyafis, da waya mai kai biyu irin na iyafis, mai milimita 3.5, da kwamfuta mai manhajar Audacity, ita ma kyauta ce. Kai ɗaya ya shiga kafar iyafis ta rakoda, ɗayan ya shiga kafar shigar sauti ta kwamfuta. Yawancin kwamfutocin hannu na yanzu kafa ɗaya gare su, wadda ba ta dace da wannan aiki ba, sai an haɗa da ƙaramar na'urar sauti mai shiga USB.

Kafin ka saka kaset mai daraja, ka goge kan rakodar da auduga da ɗan sifirit, ka gwada ta da kaset ɗin da ba za ka yi baƙin cikin rasa shi ba, domin rakodar da ta daɗe a ajiye takan tauna zare. Kaset ɗin da ya shekara ashirin ba a taɓa shi ba, ka zura biro a ramin ka juya a hankali ka ga ko zaren yana tafiya, ka kuma leƙa ƙasansa ka tabbatar ɗan soson da ke tallafe zaren bai faɗi ba. Ka fara da ƙaramar murya, kana kallon ma'aunin da ke saman Audacity, ka ƙara har ya riƙa kaiwa kusan ƙarshe amma ba ya taɓa ja. Sautin da ya fashe wajen naɗa ba ya gyaruwa daga baya.

Aikin ba ya karɓar gaggawa, domin kaset mai lamba 60 minti 30 ne kowane gefe, mai 90 kuma minti 45, kuma sai an saurare shi daga farko har ƙarshe. Idan gefe ya ƙare, ka fara adana shi a tsarin WAV, wanda ba ya zubar da komai, gefe ɗaya na mai lamba 90 zai ci kusan megabait 450. Daga wannan kwafin ne za ka yanka waƙoƙin ɗaya-ɗaya ka fitar da MP3 na sakawa a memori. Audacity tana da wurin rage shuuu ɗin kaset, amma a taɓa shi kaɗan, domin idan aka matsa sai muryar mawaƙi da amon kotso su koma kamar daga cikin randa suke fitowa.

Na bikin yayarku shi za ka fara yi da zarar ka gamsu da rakodar. Ka ajiye WAV ɗinsa a wuri biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash a wani gidan daban, ka rubuta shekarar bikin da sunan garin a cikin sunan fayil ɗin. Idan za ka tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, ka tura MP3 ɗin a matsayin fayil, kada a kunna shi a ɗaki a naɗa da saƙon murya. Kaset ɗin kansa kuma a mayar da shi cikin kwalinsa, a ajiye a tsaye, nesa da rana da lasifika.