Tambayoyinku kan fasaha: Kar ki ba manhajar gwaji amanar littafinki

Saƙonnin wannan makon kusan duk daga marubuta suka fito, musamman waɗanda suka shiga sahun masu gwada sabbin manhajojin rubuta littafi, irin waɗanda ake raba wa mutane tun ba a gama ƙera su ba don su yi amfani da su su faɗi ra'ayinsu. Na tattara su wuri guda. Mai tambaya kan batirin waya ya yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Tambaya: Malam, ina cikin masu gwada wata manhaja ta rubuta labari. Sau uku ina tura musu saƙo cewa tana ba ni matsala, ko kallo ban ishe su ba. Wulaƙanci ne ko me?

Amsa: Ɗan'uwa, na ga hoton saƙon da ka haɗo mini. Kalma uku ka rubuta musu: "Ba ta aiki." Ko likita ka je wa ka ce "ba ni da lafiya" ka ja bakinka ka yi gum, ido zai zuba maka. Faɗa musu irin wayarka, lambar sigar manhajar da ke can ƙasan saituna, abin da ka taɓa ɗaya bayan ɗaya, da abin da ya biyo baya. Kamar haka: "Na ja babi na 12 zuwa saman babi na 9, manhajar ta rufe kanta. Na maimaita sau uku, duk haka." Mai ƙera manhaja ba ya iya gyara ɓarnar da bai gan ta da idonsa a kan tasa na'urar ba. Kuma kar ka cusa matsala biyar a saƙo ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan ina rubuta littafina a cikin wata manhaja da ke matakin gwaji, yanzu ina babi na 41. Masu ita sun ce kowa ya aiko da abubuwan da yake so a ƙara. Ni dai ina so a sa wurin liƙa hoton jaruma da jarumi, a ba kowane babi launinsa, a kuma sa sautin ruwan sama yana tashi ina rubutu. Wanne zan sa a farko?

Amsa: Wa alaikumussalam, 'yar'uwa. Babu ko ɗaya. Sautin ruwan sama kuwa, ki jira damina.

Tun da na karanta saƙonki hankalina bai kwanta ba, saboda abin da ba ki faɗa ba. Babi 41, wata takwas, ba ki ce uffan ba kan ko kina da kwafinsa a wani wuri. Tambayar da zan yi miki ita ce: idan gobe da safe kika taɓa manhajar nan ta ƙi buɗewa, ina littafin yake?

Manhajar gwaji sunanta gwaji. Duba lambar sigarta, mai yiwuwa ki ga ta fara da sifiri, kamar 0.7 ko 0.9. A al'adar masu wannan sana'a, sifirin nan yana nufin su kansu ba su ce ginin ya tsaya ba. Suna iya sauya yadda ake adana rubutu daga wannan sigar zuwa ta gaba. Suna iya gajiya su watsar da aikin, domin yawancin irin waɗannan manhajoji mutum ɗaya ne ko biyu ke ƙera su bayan sun taso daga aikin da ke ciyar da su. Wasu ma akan sa musu ranar da za su daina buɗewa. Kuma manhajojin waya da yawa suna ɓoye rubutunki a cikin wata ma'ajiya tasu wadda ba kya ganinta a cikin fayilolin wayar. Ranar da wani ƙaninki mai rawar kai ya ce bari ya sama miki wuri a wayar, ya goge manhajar ko ya share bayananta, littafin ya bi ruwa tare da ita.

Ba labari aka ba ni ba. Shekarun baya na tara rubuce-rubucen kusan shekara guda a cikin wata manhaja da ba zan kama sunanta ba. Wata rana ta sabunta kanta cikin dare. Da safe na buɗe, ga jerin kanun nan reras a gefen hagu, kowanne da ranar da na rubuta shi. Na taɓa na farko, farin shafi. Na biyu, farin shafi. Na bi su har ƙasa ina dannawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofofin gidan da aka tashi. Masu manhajar sun ba ni haƙuri cikin ladabi, har da alamar fuska mai hawaye. Haƙurin bai dawo da ko harafi ba.

Don haka abin da za ki fara nema shi ne ƙofar fita. Ki ce musu kina so ki iya fitar da littafin gaba ɗayansa, da taɓawa ɗaya, zuwa fayil ɗin da wata manhaja daban za ta iya buɗewa ta gyara: TXT, ko RTF, ko DOCX, ko ODT na LibreOffice. Kar ki yarda a rufe miki baki da PDF. Shi na karatu ne da bugawa, wanda ya taɓa ƙoƙarin kwaso littafi daga cikinsa don ya ci gaba da gyara ya san yadda layuka ke kakkaryewa. Kar kuma ki yarda da fitarwa babi-babi, sai dai in kina da marmarin danna abu ɗaya sau 41.

Ba wani abin a zo a gani kike roƙo ba, manyan gidan sun daɗe da yin sa. Scrivener, wadda Keith Blount ya fitar a 2007 bayan ya rasa manhajar da ta dace da littafin da yake son rubutawa, tana adana aikinka a matsayin jaka mai ɗauke da ƙananan fayilolin RTF. Ko manhajar ta mutu, kana iya kutsawa cikin jakar ka tsinto rubutunka. Ita kuwa novelWriter, wadda kyauta ce kuma kowa na iya duba yadda aka gina ta, a tsurar rubutu take adana komai, irin wanda Notepad ma zai buɗe. RTF ɗin nan tun 1987 Microsoft ta fito da shi, har yau ana buɗe shi. Manhajar da kike amfani da ita shekararta nawa?

Na san amsar da wasu za su ba ni: ai tana haɗe da intanet, komai na rubuta a waya yana bayyana a kwamfuta. Wannan madubi ne, ba ajiya ba. Madubi abin da kika yi yake yi. Idan hannunki ya zame kika goge babi na 30 a waya, cikin daƙiƙa kaɗan zai goge shi a kwamfuta ma, cikin biyayya. Shi ya sa abu na biyu da za ki nema shi ne tarihin rubutu, wato manhajar ta riƙa ajiye tsofaffin kwafi yadda za ki iya komawa ga babin kamar yadda yake ranar Talatar da ta wuce. Google Docs na da wannan, Scrivener ma na da irin nata.

Kafin su amsa miki, ga abin da nake yi, kuma ba zan gaji da tallarsa ba. Duk daren da na yi rubutu, nakan fitar da kwafi in sa masa kwanan wata, shekara a farko, sai wata, sai rana: littafi-2024-03-14. Da haka fayilolin ke jera kansu, ba sai na sha fama da "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshen gaske" ba. Masu harkar adana bayanai suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Waya, filasha, sai ki tura wa kanki ta imel, shi ke nan kin cika. Kar ki ce wuri. Littafi mai kalma 100,000 a tsurar rubutu bai kai megabayit ɗaya ba. Hoto guda na jarumar da kike son liƙawa ya fi shi nauyi.

Kuma ki buɗe kwafin. Da yawa suna fitar da fayil su ajiye, ba su taɓa leƙa cikinsa ba sai ranar da ta ɓaci, sannan su tarar da rabin littafi. Buɗe shi da wata manhaja, duba babin farko, duba na ƙarshe. Idan a yanzu manhajar ba ta da hanyar fitarwa sam, to yau ɗin nan, ba gobe ba, ki zauna ki kwafe babi-babi da hannu zuwa wani wuri. Zai ci miki yamma guda. Bayan nan sai ki roƙi launuka.

Tambaya: Malam, idan na fitar da rubutuna daga manhajar, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai in ga ɗan akwati, wani lokacin alamar tambaya.

Amsa: Cuta biyu ce ka haɗa, ɗan'uwa. Ɗan akwati mai sauƙi ne: harafin yana nan, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da hotonsa. Sauya zuwa Noto Sans ko Charis SIL ka ga sun dawo. Alamar tambaya ita ce mugunyar, domin sau da yawa tana nufin an zubar da harafin tun wajen adanawa, ba kuma zai dawo ba. Rubuta wa masu manhajar ka ce su adana komai, su kuma fitar da komai, da UTF-8, wato tsarin adana rubutu da ke ɗaukar haruffa irin namu ba tare da ya zubar da su ba. Mai yiwuwa maƙerin bai taɓa ganin haruffan nan ba a rayuwarsa, don haka ba shi lambobinsu na Unicode, kundin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4. Haɗa masa da jimlar gwaji mai manya da ƙanana, irin "Ɗan ƙaramin ɓera ya ɓuya a Ƙofar ɗaki." Tunda ka riga ka same shi, ce masa ya duba wurin bincike ma. Wanda ke neman "ƙasa" ba "kasa" yake nema ba, kuma marubucin da aka musanya masa "ƙafa" da "kafa" a littafi guda ya san zafin abin. Sannan a ba ka damar kashe jan layin nan da ke bin kowace kalmar Hausa kamar malami mai fushi.

Tambaya: Wata shida da suka wuce na roƙi a yi mana ta Android. Sun ce "muna dubawa". Har yanzu shiru.

Amsa: "Muna dubawa" a bakin masu manhaja daidai yake da "sai na neme ka". Kai manhaja daga kwamfuta zuwa waya kusan sabon gini ne. Masu Windows sun jira daga 2017 zuwa 2021 kafin Scrivener 3 ta iso gare su, kamfani ne kuwa mai ma'aikata. Wata shida ko zama ba ka yi ba. Idan akwai wurin da ake jera buƙatu, nemo wadda wani ya riga ya rubuta ka ƙara muryarka a kai, kar ka buɗe sabuwa. Ka kuma faɗi dalili: "A waya nake yin kashi uku cikin huɗu na rubutuna" ya fi "don Allah a yi Android" sau goma nauyi, domin ya gaya musu ko kai wane ne.

Tambaya: Manhajar ta ce babina kalma 2,310 ne, Word ta ce 2,268. Wa ke ƙarya?

Amsa: Babu. Wata tana ƙirga "sannu-sannu" kalma ɗaya, wata biyu. Wata na ganin "'ya'ya" ta raba ta gida biyu. Wata kuma tana haɗawa da kan babi. Zaɓi ɗaya ki riƙe ta, Hajiya, ki koma ga rubutu.

Tambaya: Malam, ni shawarar da na ba su ita ce su sa maɓallin da zan danna manhajar ta rubuta mini babi na gaba da kanta. Ya ka gani?

Amsa: Madalla. Ka ce su ƙara wani maɓallin da zai karanta shi, tunda ban ga wanda zai yi ba. In sun sa, abu ɗaya za ka tambaye su kafin ka danna: rubutunka yana barin wayarka ya tafi kwamfutar wani kamfani ko a'a, kuma me suke yi da shi idan ya isa can.