Kwalin Madara Yana Komawa Takarda?

Tambaya: Ina sayar da shayi a Jekadafari, cikin Gombe. Kwalayen madara da na lemo kan taru mini, sai in ƙone su a bayan rumfa. An ce wai ana mayar da su takarda. Haka ne? — Wani mai shayi

Amsa: Haka ne, Malam. Jiya na yaga ɗaya da hannuna don in tabbatar. Waje leda ce siririya, tsakiya takarda mai kauri, ciki kuma wani farin ƙarfe mai sheƙi, wato alminiyom. A kwalin Tetra Pak, wato kamfanin da ke yin irin waɗannan kwalaye, takardar ta kai kusan kashi 75 cikin 100, leda kusan 20, alminiyom kusan 5.

A masana'anta ana zuba kwalayen cikin ƙatuwar tukunyar ruwa, inji ya yi ta dama su kamar ana dama fura, har zaren takardar ya saki ya zama kunu. Da shi ake yin kwali da takardar goge hannu. Ledar da alminiyom kuma a gasa su har ledar ta narke, a matse, su zama allunan rufi.

Don Allah ka daina ƙonawa, hayaƙin ledar nan ƙirjinka yake shiga. Ɗauraye su, ka baje, ka shanya, ka ɗaure a buhu, sannan ka tambayi masu sayen kwali ko suna karɓa.