Amsa ga 'yar uwar da ɗanta ke tashi da ciwon ciki ranar lissafi

'Yar uwa wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce ɗanki ɗan aji huɗu duk ranar da suke da lissafi sai ya tashi da ciwon ciki, kina tambaya ko ki ɗauko masa mai lesin ko ki canza masa makaranta. Don Allah ki dakata da maganar lesin tukuna, kuma ciwon cikin nan ba ƙarya yake miki ba, tsoro ne ke murɗa shi, tawa 'yar ma haka ta yi.

Malamin ajin 'yata abin da ya iya kawai ya shigo da bulala, ya cika allo da Turanci, ya ce a miƙe a kawo haddar sau tun daga 2 har 12, wanda ya kakare ya miƙo hannu. Ranar da ba zan manta ba ya fito da ita gaban allo ya ce ta cire 27 daga 52, ta rubuta 35, don ta ga 7 ba za ta fita daga 2 ba sai ta juya ta cire 2 daga 7. To malami na ƙwarai ai tambaya zai yi ya aka yi kika samu haka, nan take ya gane maganar aro ce ba ta zauna mata ba. Shi kuwa sai ya sa 'yan aji suka yi mata ihu, ya kira ta daƙiƙiya, ya ce ta tsaya nan har a tashi, yarinya 'yar shekara tara har fitsari ya kufce mata a gaban maza. Ta dawo da kayan makaranta a jiƙe ta ƙi cin abinci ta ƙi magana, sai a bakin ƙawarta na ji. Da na je hedimasta cewa ya yi Hajiya ai mu ma haka aka koya mana, shi kuma malamin ko haƙuri bai ba ni ba, wai dama lissafi ba na mata ba ne. Ba na mata ba?? Matan da ke riƙe da adashin mutum ashirin a ka ba a taɓa samun kuskuren ko naira ba? Na bar shi da Allah amma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Abin da ya taimake mu tsinken tsintsiya ne. Muka ɗaure goma goma da kyauro, na ba ta ɗauri 5 da tsinke 2 na ce ba ni 27, ta yi shiru can ta ce Mama sai dai in kwance ɗauri ɗaya, na ce to aron da ake faɗa muku kenan. Ta ƙirga ta samu 25 da hannunta. Kuma da Hausa ki yi masa, yaro yana kokawa da Turanci yana kokawa da lamba lokaci ɗaya, wanne zai kama? In ya gane a harshensa sunan Turancin ba ya wuya. Ki riƙa aikensa kanti ki ce ya faɗa miki canjin kafin ya fita, in kina raba ƙosai ko lemo ki sa shi ya fitar da rabi da rubu'i da sulusi, kalmomin da zai tarar a Islamiyya in sun zo rabon gado. In ya yi kuskure kar ki ce ba haka ba ne, ki ce nuna min yadda ka yi.

Kar ki ji kunyar komawa da shi aikin aji biyu. Akwai tsarin da ake kira TaRL da ya samo asali daga Indiya, an yi shi a makarantun Borno, ana haɗa yara ne gwargwadon abin da suka iya ba ajin da suke ba. Lissafi in tushe ya goce komai gocewa yake, ga shi sai da kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO ake samun yawancin kwasa-kwasan jami'a, shi ya sa iyaye muke ruɗewa mu huce a kan yara. Ki ja kunnen babansa da yayyensa ma, ban da kwatanta shi da ɗan maƙwabta, wannan ya fi duka ciwo.

Mai lesin in salonsa ɗaya da na makaranta kin ƙara masa awa biyu ne na azaba, in za ki ɗauka ki zauna ki ga yadda yake yi in yaro ya ba da amsar da ba daidai ba. Canjin makaranta kuma ki fara zuwa ki ga malamin ido da ido, ki tambayi yaron a keɓe ko ana dukansa, da yawa ba sa faɗa. Ki ɗauko hoton littafinsa ki turo nan mu ga irin kuskuren da yake maimaitawa, akwai malamai a cikinmu. Allah Ya buɗa masa.