Tambaya da Amsa: Kan jirgin da ya yi goyon ruwansa a ƙarƙashin Landan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga hoton wani tsohon kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi, an ce shi ne ke jan fasinja a layin da ya zagaye tsakiyar Landan. Babu taragon ruwa da kwal a bayansa, ga kuma wasu manyan bututai a gefensa. To ina yake ajiye ruwa? Kuma yaya aka yi mutane ba su shaƙe a cikin rami ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Yadda ka siffanta shi, ɗaya ne daga cikin waɗanda kamfanin Beyer, Peacock na Manchester ya fara ƙera wa kamfanin jirgin ƙasa na Metropolitan a 1864. Ruwansa na cikin tankuna biyu dogaye, ɗaya dama ɗaya hagu da tukunyar, kwal ɗin kuma na cikin ɗan akwati a bayan direba.

Aikin cikin gari ne ya kawo wannan siffa. Zagayen, wanda aka kammala a 1884, kusan kilomita 21 ne kawai, tashoshi kuma kusa da kusa. Jirgin da zai ci dogon zango shi ke buƙatar jan guzuri a baya. Wannan kuwa tsayawa da tashi ne aikinsa, kuma nauyin ruwan da ke zaune bisa ƙafafunsa yana sa su kama dogo sosai, ba sa sulɓi wajen tashi. Ga shi gajere, yana tafiya gaba ko da baya ba tare da an juya shi ba, a birnin da kowane taku na fili kuɗi ne.

Bututan da ka gani, nan dabarar take. Kan jirgi na yau da kullum, idan tururi ya gama tura fistin, wato ƙarfen da ke sa ƙafafun su juya, ta bututun hayaƙi yake ficewa. A cikin rami hakan na nufin direba ba ya ganin gabansa. Sai aka yi wani makunni: da zarar an doshi rami, direba ya karkatar da tururin ta waɗannan bututai ya koma cikin tankunan, ruwan sanyi ya haɗiye shi. Amma ruwan ba ya daɗewa da sanyinsa. Bayan ɗan lokaci sai ya kusa tafasa, ya daina karɓar tururi, dole a tsaya a tasha a zubar da shi a ɗura sabo. Da famfo ake tura shi cikin tukunya, domin na'urar da aka saba amfani da ita ba ta jan ruwan zafi. Sannan tururin da ke fita ta sama shi ne ke zuga wutar, kamar zugazugin maƙeri. Da an kautar da shi, wuta ta yi sanyi. Saboda haka direba da mai zuba kwal kan gyara wutarsu tun a fili kafin su shiga duhu, a kan dandamalin da ko rufi ba shi da shi a farko. Ina ganin waɗannan mutane ba a ba su yabon da ya kamace su ba.

Batun shaƙewa kuwa, gaskiya mutane sun sha wuya. Dabarar ta rage tururi, amma hayaƙin wuta ba ta da yadda za ta yi da shi. Injiniyan layin, John Fowler, ya gwada wani kan jirgi a 1861 wanda zai riƙe zafi da tubalin da aka gasa, bai yi nasara ba. An ƙona gasasshen kwal, daga baya aka koma na Wales mai ƙarancin hayaƙi, duk da haka warin farar wuta na maƙure wuya. An huda ramukan iska a tsakiyar titi, an bar wasu wurare babu rufi. A titin Leinster Gardens har yau akwai gidaje biyu, lamba 23 da 24, waɗanda fuska ce kawai: bango mai tagogin fenti da ke ɓoye sararin da jiragen ke fitar da hayaƙi. Koke ya yi yawa har gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 1897.

Lantarki ne ya raba gardama, a 1905. Aka sayar da da yawa daga cikin kawunan jirgin, aka farfasa wasu, kaɗan suka koma jan kaya da aikin ƙauye. Kan jirgi mai lamba 23, ƙirar 1866, ya yi aiki a ƙaramin layin Brill har aka rufe shi a 1935, ya ci gaba da hidima zuwa 1948. Shi kaɗai ya rage a cikin 'yan uwansa, yana gidan tarihin sufuri na Landan da ke Covent Garden.