Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan jar fitilar mita

Wa alaikumus salam Hajiya. Na karanta tambayarki tun da safe, aiki ne ya riƙe ni. Kin ce jar fitilar mitarku ta kati tana ta ƙiftawa, wata mai ruwan ɗorawa kuma ta kama tun jiya, wuta ta yanke a gidan alhali akwai sauran yunit, maƙwabta kuma suna da wuta. Kin ce wani ya ba ki shawarar a kira yaro ya buɗe mitar ya duba. Don Allah kada a buɗe ta. Na daɗe ina aikin wayarin gidaje, kuma yawancin wahalar mita da na gani daga wannan buɗewar ta faro.

Mu fara da jar mai ƙiftawa, don ita ce ta fi tayar wa mutane hankali, kuma ita ce ba ta da laifin komai. Ki duba kusa da ita, za ki ga an rubuta wata lamba kamar 1000 ko 1600 ko 3200, tare da wasu haruffa imp/kWh. Ma'anarsa, sai ta ƙifta sau adadin nan kafin yunit ɗaya ya ƙare. Ƙidaya take yi kawai. A mita mai 1000, idan aka jona dutsen guga mai cin wat 1000, za ta riƙa ƙiftawa kusan duk bayan daƙiƙa uku da rabi. Idan ƙwan fitila ɗaya ne mai wat 10 a kunne, sai ta yi minti shida kafin ta ƙifta sau ɗaya. To kin ga saurinta labarin abin da gida ke ci ne. Ni har amfani nake da ita wajen kama ɓarna: in sa a kashe komai na gida, a zare filogi duka, in tsaya in zuba mata ido. In ta ci gaba da ƙiftawa, to wuta na zurarewa ta wani wuri, ko waya ta goge a cikin bango, ko akwai wani layi da aka ja zuwa shago ko ɗakin wani aka manta da shi. Amma ke da kika ce wuta ta yanke gaba ɗaya, ki sake kallonta da kyau. In babu abin da ke cin wuta, wannan fitilar ba za ta ƙifta ba. Mai yiwuwa wata jar ce daban kike gani.

Domin akwai ta biyu, fitilar kati. A yawancin mitocin da ake sa mana, kore take nunawa in yunit na da yawa, ta koma ja in ya yi ƙasa, wasu har da ƙara suke yi kamar agogo. Wannan maganinta a aljihu yake.

Ta ukun ita ce maganarmu, fitilar gargaɗi. Kalarta ta danganta da kamfanin da ya ƙera mitar, don yadda Conlog ke nunawa daban, Hexing daban, Mojec daban. Shi ya sa ba na son mutum ya ce min "ja ta kama" ya yi shiru. Fitila kira take yi, bayanin yana kan gilashin da lambobi ke fitowa. A can za a ga kalma, ko lambar matsala, ko ɗan zanen makunni a buɗe wanda ke nuna mitar da kanta ta katse wutar. Lambar da wani ya ba ki daga mitarsa ba lallai ta yi aiki a taki ba, sai in iri ɗaya ne.

Abin da ya fi sa mita ta katse wuta da sauran yunit, a abin da na gani, nauyi ne. Kowace mita akwai iyakar da aka saita mata. A kawo wuta bayan an daɗe babu, sai kowa ya tashi: wannan ta jona hita, waccan guga, firiza ta tashi, a kunna injin jan ruwa, duk a minti ɗaya. Sai ki ji ƙas, mita ta yanke. Bayan ɗan lokaci ta dawo da kanta, in nauyin na nan ta sake yankewa, in aka maimaita sau da yawa sai ta kulle na tsawon lokaci. Ki sa a kashe manyan kayan duka, a jira kamar rabin awa. In ta dawo, a riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya, za ki gane wanda ya cika mata ciki.

Sai ƙarfin wutar da ke shigowa. Ƙarfin wutar gida bolt 230 ya kamata ya kasance ko kusa da haka. In taransifoma ta yi nauyi wuta ta zo rabi, ko kuma waya ta tsinke a falwaya ƙarfin ya haura, mitoci da yawa suna yankewa har sai ta daidaita. Wannan gata mita ta yi miki, don wutar da ta haura ita ke ƙona talabijin da caja a unguwa guda. Kada ganin wuta a gidan maƙwabci ya ruɗe ki, layi uku ne ke fitowa daga taransifoma, ƙila ba layinku ɗaya ba.

Akwai kuma wadda ta fi wahalar ganowa, kuma ita nake zargi in kuna da janareta ko sola. Na taɓa zuwa wani gida da fitilar gargaɗi ta yi makonni tana kamawa tana mutuwa, maigidan har ya yanke cewa mitar ce ta lalace. Da na buɗe akwatin canza layi tsakanin NEPA da janareta, sai na tarar wanda ya haɗa shi wayar wuta kawai ya raba, ya bar nitiral ɗin, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a haɗe, ya kuma ɗaure ta da ta shagon da ke jikin gidan mai mitarsa daban. Irin waɗannan mitocin suna auna abin da ya shiga ta waya ɗaya da abin da ya dawo ta ɗayar. In lissafin bai zo daidai ba, sai ta ɗauka ana satar wuta. Mun raba wayoyin, muka sa akwatin da ke yanke duka biyun, fitilar ta mutu. Ko sukurun mitar ban taɓa ba. Gidajen haya da ake raba mita ɗaki-ɗaki a kan tsohon wayarin, wannan matsalar ta yi musu katutu, kuma abin na ba ni takaici, don masu haya ne ke shan zargi a kan aikin da ba su suka yi ba.

Yanzu dalilin da ya sa na ce kada a buɗe. Ƙarƙashin murfin da wayoyi ke shiga akwai ɗan maɓalli. Da an ɗaga murfin, ko da wuta ko babu, mita za ta rubuta cewa an taɓa ta, ta katse wuta, ta nuna alamar tamfa, wato alamar an taɓa mita. Mayar da murfin ba ya gyara komai. Sai kamfanin rarraba wuta ya ba da wata lamba ta musamman mai alƙaluma 20 da aka yi don wannan mitar kaɗai. Na san wata baiwar Allah da nauyi ne kawai ya yanke mata wuta, abin da jiran rabin awa zai warware, aka kira mata yaro ya cire hatimi. Kwana da kwanaki ta yi a duhu tana zarya, ga kayan firiza sun lalace, ga kunyar a ce ta yi satar wuta. Kuma tarar ba wasa ba ce: a umarnin da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta fitar a farkon 2025, mai mitar layi ɗaya da aka kama da laifin taɓa mita ko zagaye ta zai biya naira 100,000 a karon farko, mai layi uku 200,000. Wani lokaci tamfa kan kama ba tare da kowa ya taɓa ba, murfi ya saki, ko ruwan sama ya shiga akwati, ko ƙiyashi su yi gida a ciki. In haka ne, hatiminki da ke nan lafiya shi ne shaidarki. Ki ɗauki hotonsa tun yanzu.

In mitarku irin ta kan falwaya ce, mai 'yar na'urar danna lambobi a cikin ɗaki, to ki fara da ita. Da yawansu ta cikin wayar wutar gida suke magana da mitar. Dole a jona ta a soket na bango kai tsaye, a kunna soket ɗin, a kashe janareta ko inbata, a mayar da layi kan NEPA, a kuma sa mata sabon batir. Sau da yawa "mita ta mutu" batir biyu ne suka ƙare. Idan kuma kati ne take ƙin karɓa, ki tambaya ko an sabunta ta, don tun 24 ga Nuwamba 2024 mitar da ba a loda mata lambobin sauyi guda biyu ba tana iya ƙin sabon kati.

Abu ɗaya ne ba ya jira. In kin ji ƙaurin roba, ko kin ga akwatin ya yi baƙi, ko yana tartsatsi, ko ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, a kashe babban makunnin gida, a janye yara daga wurin, kada a watsa ruwa, a kira kamfani nan take. Waya ce ta saki a ciki take cin kanta, kuma gobara daga nan take tashi.

In kin gwada rage nauyi da batir ba ta dawo ba, ki je sashen karɓar ƙorafi na ofishin kamfaninku da lambar mita da hoton gilashin. Ki rubuta ƙorafin a takarda, a buga miki hatimin karɓa a kwafinki, kada ki tsaya a maganar baki da wanda kika haɗu da shi a ƙofa. In an wuce kwanakin aiki 15 ba a warware ba, kina da damar kai maganar ofishin sauraron ƙorafi na hukumar da ke kula da wutar lantarki a jiharku.

Kafin nan, ki turo mana hoton gilashin da sunan kamfanin da ke jikin mitar, amma ki rufe lambar mitar da yatsa. Ki kuma gaya min ko kuna da janareta ko sola, da abin da ke kunne lokacin da ta yanke. In na gani bayan sallar isha'i zan faɗa miki inda na fi zato, in sha Allahu.