Na'ura ta ce mita 2,300, an tona ba a ga komai ba

Na ga saƙonka. Ka ce OTDR, na'urar da ke gano inda kebul ya samu matsala, ta nuna muku fayiba, wato kebul mai zaren gilashi, ta tsinke a mita 2,300, kun bi titi da keken awo, kun tona, kun tarar da kebul lafiya lau, wai ko na'urar ce ta samu matsala a kai ta Computer Village, kasuwar na'urori ta Legas. Kada ka kuskura ka kai ta ko'ina. Na'urar nan ta girme ka a aikin, kuma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ku ne dai ba ku san abin da take faɗa ba.

Ita ba ta san titi ba, lokaci take aunawa. Tana harba hasken leza cikin zaren gilashi, ta jira wanda zai dawo, ta lissafa. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa a sarari, amma cikin gilashi yana komawa wajen 204,000, in ka raba na farko da na biyu za ka samu lambar nan 1.468 da kake gani a saiti. To abin da ta ba ka tsawon zare ne, duk inda ya naɗe, duk inda ya lanƙwasa. Kai kuma ka je kana tura keke a kan kwalta.

Tambayarka ta fama mini tsohon miki, bari ka ji.

Shekarun baya, da damina, wani ɗan kwangila ya kira ni cikin dare, layin wani rukunin gidaje a hanyar Ajah ya mutu. Na je da asuba na harba, ta ba ni mita 3,140. Ya miƙo mini zanen hanyar, layi miƙaƙƙe, babu rarar kebul ko ɗaya da aka rubuta an naɗe a manhol, ramukan nan masu murfi da kebul ke bi. Sau biyu na tambaye shi, "Alhaji, an bar rara a manhol?" Ya dafa ƙirji ya ce shi da kansa ya tsaya aka ja kebul ɗin. Mutum mai furfura, carbi a hannu, na yarda.

Awo ya kai mu daidai ƙofar gidan wani babban mutum, an shimfiɗa intalok, ƙarƙashinsa kankare. Kafin a ɗaga diga sai da na sallami omo-onile, 'yan ƙasar wajen masu karɓar kuɗi kafin a taɓa fili. Na kwaso leburori shida, yaranmu na Arewa, suka wuni suna fasa. Ka san ƙasar wajen, yashi ne, kana kai gwiwa ruwa ya taso. Muna kwarfa da bokiti muna tono har la'asar. Da muka kai kan bututun na sa hannu cikin ruwan na shafa, sumul, ko ƙwarzane babu. A nan gabana ya faɗi. Ban gama miƙewa ba maigidan ya iso da 'yan sanda.

Washegari na yi abin da ya kamata in fara da shi, na bi manhol ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga murfi. Kowanne na leƙa sai in ga kebul a naɗe kamar gammo, baƙi ƙirin cikin taɓo, wani mita talatin, wani ya fi. Manhol tara! Inda ya tsinke ɗin yana baya da kusan mita ɗari uku, wurin da masu gyaran kwata suka sare shi. Daga baya na gane dalili. Da mita ake biyan mutumin, sai ya cusa kebul a ramuka ya karɓi kuɗin, ya kuma ɓoye a zane don kada a gano. Ya san gaskiya, yana tsaye yana kallona ina fasa ƙofar mutane. Da na je karɓar haƙƙina ya ce ai ni na yi kuskuren awo. Ko sisi bai ba ni ba. Gyaran intalok, kuɗin leburori, na ofishin 'yan sanda, duk a kaina, sai da na sayar da injina na biyu na haɗa zaren fayiba, wanda na yi shekara biyu ina tara kuɗinsa. Har yau yana yawo a Legas cikin jibgegiyar mota. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Tun ranar ban ƙara yarda da takarda ba. Ka nemi joyin, wato mahaɗar kebul, da ya fi kusa da matsalar, wanda ka san wurinsa da idonka, ka fara ƙirga daga nan. Jikin kebul akwai lambar mita da masana'anta suka buga, ka goge taɓon ka karanta a wannan manhol da na gaba, bambancin zai gaya maka nawa aka binne. Ka harba daga ɓangare biyu. Ka kuma gwada nau'in haske biyu da na'urar ke harbawa, 1310 da 1550, in asarar hasken ta fi yawa sosai a 1550, lanƙwasa ce, ba tsinkewa ba, kada ka tara mini leburori a banza. Maganar goge kan kwanekta da sa kebul ɗin gaba ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba ya koma turin baro a Mile 12.

Abu ɗaya zan maimaita don na gan ka kana yi. Kada ka ƙara kai zare kusa da idonka wai kana duba ko akwai wuta. Hasken 1550 ido ba ya ganinsa, ba kuma zai hana shi yi maka illa ba.

Ku yaran yanzu matsalarku gaggawa. Ka danna maɓalli ɗaya, lamba ta fito, ka ɗauki hoto ka tura WhatsApp, shi ke nan ka zama injiniya. Zaren da kake wasa da shi kaurinsa maikiron 125 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), hanyar hasken a tsakiya 9 kacal, kana so ka san shi cikin wata shida.

Kuma aikin gaba yake yi, ba zai jira ka ba. A 2025 masu bincike na Jami'ar Southampton a Ingila tare da Microsoft sun fitar da zare mai rami a tsakiya, haske yana bi ta iska maimakon gilashi, asarar haskensa a ma'aunin dB 0.091 ce a kilomita, ƙasa da duk zaren gilashin da aka taɓa yi, wanda ya tsaya wajen 0.14. Ka yi tunani: a cikin iska lambar nan ta saiti kusan 1 ce. Ranar da irinsa ya zo hannunka ka bar saiti a 1.468, kilomita guda za ta nuna maka mita 680 da 'yan kai. Wanda ya haddace maɓalli kawai, ranar zai tona rabin Ikeja.

Gobe bayan sallar asuba ka same ni a tashar Agege. Ka zo da ƙarfen ɗaga murfi, tocila da takalmin ruwa. Ramin da kuka tona kuma ku cike shi yau, kafin wani ya faɗa.